Tambaya da Amsa: Yadda Ake Gane Shekaru da Samfurin Tsohon Injin Jirgin Ruwa

Zariya ba garin fito ba ce, amma injunan jirgin ruwa suna shigowa cikinta fiye da yadda ake zato. Akwai masunta a Galma, akwai 'yan kasuwar kifi da ke da jirage a Yauri da Shiroro, akwai kuma tarkacen da tsofaffin ma'aikata suka bari a sito tun zamanin da Turawa suka cika Samaru. Tambayoyin da suka taru a kan wannan batu na haɗa su wuri ɗaya.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana yi wa wani Bature malamin jami'a aiki, da zai koma ƙasarsu ya bar masa kaya, ciki har da wani ɗan injin jirgin ruwa. Muna share sito muka ci karo da shi. Ba shi da murfi, tankinsa a kwance yake a bayan kansa, inda fenti ya goge kuma tagulla ce ta bayyana. A samansa akwai faifan ƙarfe da ake naɗa wa igiya. An rubuta British Seagull a tankin, a jikin injin kuma an buga FP 736 DD4. 'Yan gwangwan sun taya shi da kilo. Shekarunsa nawa, kuma in sayar? Daga Tudun Wada.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makoma. Ka kyauta da ka kwafo lambar yadda take, domin amsarka tana cikinta.

Injin nan ɗan Ingila ne. Asalinsa ya faro a 1931 a garin Wolverhampton da sunan Marston Seagull, daga baya aikin ya koma Poole da ke bakin teku a kudancin ƙasar, aka ci gaba da ƙera shi har 1996 ba tare da an sauya masa kama sosai ba. Idan aka jera na 1958 da na 1975, sai wanda ya san su ne zai bambance. Shi ya sa ba a yanke masa shekaru da ido.

Haruffa biyun farko samfuri suke nunawa. FP shi ne wanda suke kira Forty Plus, ƙaramin inji mai silinda ɗaya da ƙarfinsa bai wuce doki 2 zuwa 3 ba. Lambar tsakiya jerinsa ce a cikin waɗanda aka ƙera. Na ƙarshen su ne ranar haihuwarsa. Tun daga 1963 kamfanin ya riƙa buga harafi a madadin wata: A Janairu, B Fabrairu, C Maris, D Afrilu, haka har M Disamba, sun tsallake I don kada a ɗauke ta lamba 1. Alƙalamin da ke biye shi ne ƙarshen shekara. Daga 1963 zuwa 1972 harafi ɗaya ake bugawa, daga 1973 zuwa 1982 kuma sai aka riƙa maimaita harafin. Da D4 ka gani, da na ce maka Afrilun 1964. Tunda DD4 ne, injin Baba na Afrilun 1974 ne.

Amfanin sanin shekarar ya wuce labari. Injin nan irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya ne, kuma duk Seagull da aka ƙera kafin 1978 kashi 10 na fetur yake so da kashi 1 na mai, wato rabin lita a cikin lita 5. Bakanike zai ce maka man ya yi yawa, zai yi hayaƙi, zai jiƙa fulogi. Gaskiya ne zai yi hayaƙi, amma kada ka rage. Karanshaf ɗinsa a kan bushin tagulla yake juyawa, ba a kan boris ba, man nan ne ke raba ƙarfe da ƙarfe. Na 1978 zuwa sama ne aka mayar 25 da 1. Giyarsa ta ƙasa man giya mai kauri lamba 140 take sha, ba giris ba. Notunansa kuma awon Ingila na da ne, sifanar milimita ba ta zama daidai a kansu, idan aka matsa sai ta cinye musu kai. A nemi tsohon bakaniken da ya yi aikin Land Rover na da, da wuya a rasa irin sifanar a akwatinsa.

Batun sayarwa, abu na farko wannan kayan gado ne, sai ka sanar da sauran magada kafin ka yi ciniki, komai ƙanƙantar kuɗin. Abu na biyu, ban ba ka shawarar sayarwa da kilo ba. Nauyinsa bai fi kilo goma sha 'yan kai ba, abin da za a ba ka ba zai kai kuɗin cefanen mako ba, alhali injin da aka ajiye a busasshen wuri irin sitonku sau da yawa wanke kafireta da goge kwantak kawai yake jira. Har yau ana sayar da kayan gyaransa a Ingila. Idan ya tashi, masunci mai ƙaramin kwalekwale a Galma zai more shi, kuma zai biya abin da ya fi na 'yan gwangwan nesa ba kusa ba. Sai dai duk wanda zai yi aiki da shi a gaya masa abu biyu. FP ba shi da kuloci ba shi da ribas, yana tashi farfela za ta fara juyawa. Faifan nan na sama kuma a buɗe yake gudu, bai kamata mai babbar riga ko mai sakin jelar rawani ya duƙa a kansa ba.

Tambaya: Malam, ina sayar da busasshen kifi a kasuwar Sabon Gari. Ƙanena yana fito a Yauri, injinsa ya mutu, ina so in saya masa wani. Dillali ya kawo mini Yamaha Enduro doki 40, fentinsa na ƙyalli, sitika sabuwa, ya rantse na 2018 ne, bai yi aikin kirki ba. Kuɗin ya yi sauƙi ƙwarai. Na duba ban ga wata lamba a jikinsa ba, sai ramuka biyu ƙanana a gefen maƙalinsa. Ya zan gane gaskiyar shekarunsa?

Amsa: Alhaji, ramukan nan biyu su ne suka fi damuna, ba shekarun ba. Idan a gefen maƙalin da ake ɗaure inji da shi a bayan jirgi suke, to wurin lambar shaida ke nan. Kowane Yamaha na gaskiya yana fitowa da ita a wannan wuri, wani a ɗan farantin ƙarfe, wani a takarda mai ƙarfi da aka manna. Lamba takan goge don tsufa, hakan na faruwa. Amma injin da aka ce na 2018 ne, fentinsa sabo, sitikarsa sabuwa, lambarsa ce kaɗai ta ɓata, wannan hannu ne ya cire ta. Satar injin jirgi sananniyar matsala ce a duk bakin ruwa, daga Kainji har Lakwaja, kuma abin da ɓarawo ke fara rabuwa da shi ita ce lambar. Ƙanenka ne zai ɗaura injin a gaban jama'a a Yauri, inda masu jirage suka san injunan juna har da ƙararsu. Ranar da mai shi ya gane kayansa, kuɗinka ya tafi, mutuncin yaro ya taɓu.

Bari in gaya maka abin da ya kamata ka gani da lambar tana nan, don ka san abin dubawa a inji na gaba. Za ka ga suna kamar E40XMHL. E ɗin Enduro ne, wato jerin injunan da Yamaha ke yi don aikin wahala na masunta da 'yan fito. 40 ƙarfin doki. X zubin da aka yi shi a kai, domin kafin shi an yi E40G da E40J. M na nufin da igiya ake tayar da shi, H kuma da hannu ake tuƙa shi. Harafin ƙarshe tsawon ƙafa ne, wato sashen injin da ke sauka cikin ruwa: S gajere, kamar inci 15, L dogo, kamar inci 20. Wannan harafin kada ka raina shi. Ka sa ƙanenka ya auna tsayin katakon bayan jirginsa kafin ka biya, domin gajeriyar ƙafa a dogon jirgi farfela za ta riƙa shan iska, famfon ruwa ya kasa ja, injin ya ƙone. Doguwar ƙafa a gajeren jirgi kuma ita ce ke fara cin karo da kututturan itatuwan da ruwan Kainji ya shanye tun da aka gama madatsar a 1968. Idan ka ga EK a farkon sunan, mai amfani da kananzir ne, da fetur yake tashi sannan ya koma kananzir.

A ƙarƙashin sunan akwai wata lamba mai gida uku, sannan jerin lambobi. Ta E40X ita ce 66T, ta E15D kuma 6B4. Wannan lamba mai gida uku tana da amfani ko faranti ya ɓata, saboda da ita lambobin kayan gyaran samfurin ke farawa, kuma ana samunta a zube ko a buge a jikin kafireta da wasu sassa na cikin murfi. Ka buɗe murfin, ka haska fitilar waya, ka nema. Za ta gaya maka samfuri, amma ba za ta gaya maka shekara ba.

Shekarar Enduro tana da wuyar ganewa da ido saboda Yamaha ta daɗe tana ƙera E40X da kama ɗaya. Wasu na baya-bayan nan suna da wata da shekarar ƙira a rubuce kusa da lambar. Wanda ba shi da ita, sai a kai cikakkiyar lambar wa dilan Yamaha mai izini ya duba. Akwai jadawalin haruffan shekara da yara ke samowa a intanet, inda N ke nufin 1984, K 1985, J 1986 da sauransu. Wannan na injunan da aka kai kasuwar Amurka ne, idan ka ɗora shi a kan Enduro zai ba ka amsar ƙarya. Haka kuma akwai kamfanonin ƙasar Sin da ke ƙera inji mai kama da E40X sak, suna sayarwa da sunansu a kan kuɗi ƙasa da na Yamaha. Wannan ciniki ne na halal idan an faɗa maka. Ha'incin yana wurin wanda ya fesa masa fenti ya manna sitikar Yamaha, kuma shi ma lambar yake fara cirewa.

Ga mai fito, lafiyar inji ta fi shekarunsa muhimmanci. Injin 2005 da aka riƙa ba shi mai daidai ya fi na 2018 da aka taɓa gudu da shi babu ruwa. Saboda haka duk wanda za ka saya, ka je da bakaniken da ka yarda da shi, ba na dillali ba. A cire fulogi biyun a sa ma'aunin kwamfureshan, silinda biyun su zo kusa da juna, bambancin kada ya wuce kashi 10 cikin 100. A kwance notin ƙasa na giya a ɗiga man a tafin hannu: idan ya fito fari-fari, ruwa na shiga, idan da ɓarɓashin ƙarfe, haƙoran giya na cin juna. A duba fentin kan silinda, idan ya ƙone ya sauya launi, injin ya taɓa yin zafi fiye da kima. A tayar da shi a cikin durom na ruwa tun yana sanyi, ba wanda aka riga aka ɗumama kafin ka iso ba, a ga ruwan shaida, wato siririn ruwan da ke nuna famfo na aiki, yana tsartuwa da ƙarfi ta baya, a sa giyar gaba da ta baya a saurara. Kan notuna ma suna magana: injin da aka ce bai yi aiki ba, amma kowane noti na bulok ya sha sifana, an taɓa buɗe cikinsa.

Wannan da aka kawo maka, ka nemi rasit na asali mai ɗauke da lambar injin, da sunan wanda ya fara saya, da shaidar shugaban 'yan fito na inda ya yi aiki. Idan dillali ya fara kame-kame, ka mayar masa da kayansa. Rayukan mutane ƙanenka ke ɗauka, mata da yara da buhunan hatsi ranar kasuwa, kuma inji idan ya mutu a tsakiyar ruwa iska ta taso, jirgi ba ya da yadda zai fuskanci igiyar ruwa. Gara ka ƙara kuɗi ka sayi mai takarda, ragowar ka haɗa masa da rigunan kariya.

Tambaya: Ni bakaniken babura da janareta ne a Kwangila. An kawo mini injunan Johnson guda biyu. Na farko fari ne, murfinsa an rubuta 15, mai shi ya ce ba ya ja kamar na abokinsa. Lambar jikinsa J10RCOM. Na biyu kore ne, tsoho sosai, lambarsa CD-12, kuma wurin shigar mai bakin tiyo biyu ne. Wani ya ce mini CD na nufin 1986. Haka ne?

Amsa: Injiniya, sannu da aiki. Mu fara da farin. Kamfanin da ya riƙa yin Johnson a lokacin shi ne ya riƙa yin Evinrude, sunansa OMC, a Amurka. Daga 1980 suka riƙa ɓoye shekara a cikin lambar samfuri da kalmar INTRODUCES, mai haruffa goma da babu wanda ya maimaitu. I ita ce 1, N 2, T 3, R 4, O 5, D 6, U 7, C 8, E 9, S 0. Ka ajiye harafin ƙarshe na lambar a gefe, ka ɗauki biyun da ke gabansa. A J10RCOM, ka ajiye M, saura C da O, wato 8 da 5. Injin na 1985 ne. Da CS ne 1980, da ES ne 1990, da SS ne 2000. J ɗin farko Johnson, da Evinrude ne E za ka gani. R igiya. Idan wata rana ka ga B a gaban J ko E, a masana'antarsu ta Bruges da ke Beljiyam aka haɗa shi.

Lambar 10 ita ce amsar ƙorafin mai shi. Haka OMC ya riƙa rubuta inji mai doki 9.9. Daga 1974 zuwa 1992 mai 9.9 da mai 15 bulok ɗaya suke, murfin wannan yana zama a kan wancan daram, babban bambancinsu a kafireta yake. Wani ya ɗora murfin 15 a kan 9.9, ko da gangan ko don nasa ya fashe. Injin lafiyarsa ƙalau, doki biyar ne babu tun asali. Ka nuna wa mai shi lambar da idonsa, gani ya kori ji.

Don ka ƙara tabbatarwa, ka duba jikin bulok ɗin, za ka ga wani ɗan faifai zagayayye mai launin azurfa, girmansa kamar kwabo, a toshe a jikin ƙarfen. Sun riƙa buga lambar injin a kansa. Idan ta dace da ta maƙali, kan injin da ƙafarsa tare suka fito. Idan ta saɓa, an yi masa dashe, kuma da lambar bulok za ka nemi fistin da ringi da gasket, da ta maƙali kuma kayan ƙafa.

Koren kuma, wanda ya ce maka 1986 ya haɗa tsari biyu ne. Gaskiya CD a tsarin haruffan nan 86 take nufi, amma sai idan ta zo kusa da ƙarshen doguwar lamba. Kafin 1969 Johnson da haruffa biyu a farko suke kiran samfuri: JW mai doki 3, CD mai doki 5 da rabi, QD mai doki 10, RD manyan. Lambar da ke biye ita ce ke hawa shekara bayan shekara. CD-12 na 1955 ne, CD-13 na 1956. Sauran alamun da ka faɗa duk sun goyi bayan haka. Johnson kore suke fitowa har 1955, sannan suka koma ja mai duhu na shekara uku, daga 1959 suka zama farare. Bakin tiyo biyu kuma tsarin da ne: injin ba shi da famfon mai, tiyo ɗaya ke hura iska cikin tanki, matsin iskar ya turo fetur ta ɗayan. A wajen 1960 aka bar wannan tsari. Ba zai sha mai daga tankin zamani ba sai an samo nasa tankin ko an ɗaura masa famfo, kuma tsohon tanki mai matsi idan robobinsa sun mutu feshin fetur yake yi, a yi hattara da wuta.

Tsakanin tsarin biyu akwai na 1969 zuwa 1979, wanda ya fi sauƙi a Johnson, domin shekarar a fili take: 25R75 doki 25 ne na 1975. Evinrude na lokacin alƙalami ɗaya kawai na shekara suke sakawa bayan ƙarfin doki, don haka 9 na iya zama 1969 ko 1979, sai an haɗa da kamannin injin.

Wajen haɗa mai kada ka yi musu kuɗin goro. Farin 50 da 1 yake sha, rabin lita a jarka mai lita 25. Koren, kamar sauran na kafin 1964, ba ya son mai ya gaza 24 da 1, wato lita guda ta mai a lita 24 na fetur. Wutarsa ta kwantak da kwandansa ce a ƙarƙashin fulawil, kuma kwayil ɗin wancan zamani kusan duk sun tsattsage, ka fara dubawa daga nan. Ka kuma gaya wa masu su gaskiya game da kayan gyara. OMC ya durƙushe a ƙarshen 2000, Bombardier na Kanada ya sayi sunayen a 2001, aka daina Johnson bayan 'yan shekaru, Evinrude ma aka rufe shi a 2020. Ana samun kayan, amma sai an yi oda daga waje, ba a shagon Sabon Gari ba.

Tambaya: Malam, wani ɗan'uwan maigidana ya nuna mini a waya cewa Turawa na sayen tsofaffin injunan jirgi da dala. Yana so in ba shi kuɗin adashina ya zaga Yauri da Panteka ta Kaduna ya tattaro su mu fitar waje. In shiga? Daga Samaru.

Amsa: Hajiya, kada ki shiga. Gaskiya ne akwai masu tara su, har ƙungiya suke da ita a Amurka tun 1965, kuma a wurinsu na 1950 zuwa baya ne tsoho na haƙiƙa. Amma abin da suke biya da tsada shi ne injunan tsere, da na kamfanonin da suka ƙera kaɗan suka mutu, da waɗanda ke cike da kayansu na asali ba a taɓa ba. Johnson da Evinrude da Seagull na gama-gari an ƙera su da yawan gaske, suna nan jibge a garejin mutanen can, da arha suke sayar wa juna. Wanda ya yi shekara talatin yana fito a Neja, an yi masa walda an yi masa dashe, ba shi suke nema ba, kuma kuɗin aika ƙarfe mai nauyi zuwa waje kaɗai zai cinye abin da ake hange. Farashin da ya nuna miki na masu tallatawa ne, ba lallai a haka aka saya ba. Ki riƙe adashinki.

Tambaya: Ina kamun kifi a Galma wajen Dakace. An yi mini tayin inji mai ruwan toka, sunansa Mariner, doki 15, ya shekara da yawa a ajiye. Ban taɓa jin sunan ba. Zan samu kayansa? Kuma zan iya ja masa igiya a tsakar gida in ji ko yana tashi?

Amsa: Malam, ka duba farantin lambarsa ka ga ƙasar da aka ƙera shi. Mariner suna ne na kamfanin da ke yin Mercury, ya fito a tsakiyar shekarun 1970, kuma ƙananansa na farko Yamaha ce ta riƙa ƙera su a Japan ƙarƙashin yarjejeniyar da ke tsakaninsu. Idan farantin ya ce Japan, kuma lambar ta fara da gida uku irin na Yamaha, kamar 684 ko 6E7, to Yamaha ne a cikin rigar toka. Ka kai wannan lambar wa masu sayar da kayan Yamaha a Yauri ko Legas, yawancin abin da kake buƙata zai dace. A wannan hali, idan kwamfureshan ɗinsa na da kyau, ina ganin ciniki ne mai kyau ga ruwa irin Galma. Idan kuma farantin ya ce Amurka ko Beljiyam, Mercury ne, kayansa sun fi wuyar samu a nan, shekararsa kuma ba a karanta ta daga haruffa, sai an duba jerin lambar a jadawalin kamfanin. Sai ka rage tayi sosai ko ka haƙura.

Tayarwa a tsakar gida kuwa, a'a. A cikin ƙafar injin akwai famfon ruwa mai fikafikan roba, ruwan da yake ja shi ne ke sanyaya shi. Idan ya juya a bushe, cikin ƙasa da minti ɗaya robar ta lalace, gutsattsarinta su toshe hanyar ruwa. Injin da ya daɗe a ajiye ma robar ta riga ta ƙage, ka ƙudurta sauya ta ko da ya tashi.

Ka fara cire fulogi, ka ɗiga baƙin mai kaɗan a kowace silinda, ka bar shi ya kwana. Washegari ka juya fulawil da hannu a hankali. Idan ya cije, kada ka sa ƙarfi, ka ƙara mai ka ƙara jira. Idan ya juya, ka duba wuta a fulogi, ka zubar da tsohon fetur duka, ka wanke kafireta, ka sauya man giya. Sannan ka ɗaure shi a katako mai ƙarfi, ka tsoma ƙafarsa a durom har ruwa ya haura faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela da kamar faɗin tafin hannu, giya a furi. Haɗin farko ka yawaita mai, 25 da 1. Yana tashi ka sa ido a kan ruwan shaida, idan bai fito ba cikin 'yan daƙiƙu ka kashe shi nan take ka sauke ƙafar ka duba famfon.